Tartsatsi

A bayan akori-kura suka kawo shi
daga gonar citta ta wajen Kaciya,
babur mai ƙafa huɗu, ja, laka har wuya.
Mutum biyar suka sauke shi ƙofar rumfata a Panteka.
Mai shi, Malam Jatau, yana share gumi da hula:
"Jiya ya kai ni rafi ya dawo da ni.
Yau da safe sai tari, ba magana."

Na murɗa makulli, fitila ta kawo.
Na danna, injin ya juya, gur-gur-gur,
kamar tsoho mai laluben sunan jikansa,
yana bakinsa, ya ƙi fitowa.
To, batir ya fita daga zargi.
Na sunsuni bututun hayaƙi: ɗanyen fetur.
Yana sha ke nan, ƙonawa ce ba ya yi.

Ilu yaron shago har ya ɗauko sifana
zai kwance kabireta. Na riƙe hannunsa.
Mai ciwon ido ba a tsaga masa ciki.
Fara da na kusa, fara da mai arha.

Na zare filogi, baƙi, jiƙe sharkaf.
Na goge, na mayar masa da hularsa,
na jingina gindinsa da ƙarfen injin,
na ce Ilu ya tare mini rana da bayansa,
don tartsatsi ɗan kunya ne, ba ya son idon jama'a.
Danna.
Ko ƙyas.
Sabon filogi daga aljihu. Danna.
Ko ƙyas.

Daga nan sai bin sawu,
kamar mai neman akuyar da ta tsinke igiya:
hular filogi, kakkaurar waya, koyil ɗin kansa,
mita ta ce lafiyarsu lau.
Fis bai ƙone ba.
Jan maɓallin kashewa na tura, na dawo da shi,
na zare wayarsa ma dungurungum.
Jatau ya matso: "An ce mini sidi'ai ne."
Kowa haka yake cewa.
Baƙin akwati ne marar baki,
shi ake ɗora wa laifi, shi ya fi tsada.
Da na ce e,
da yau na biya kuɗin makarantar Ladidi.
Maganar ta zo har kan harshe,
na kora ta da ruwan leda.

Bayan la'asar hadari ya haɗo ta Kawo.
Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi,
ina bin siraran wayoyin nan biyu
da ke fitowa daga gefen injin,
masu raɗa wa akwati: yanzu, yanzu, yanzu.
Mita ta ce hanya a yanke take.
Na cusa yatsa bayan murfi, na jawo
ɓawon gyaɗa, zaren buhu, kashin ɓera,
da waya an gwaguye ta kamar rake.

"Ina yake kwana?"
"A sito, kusa da masara."

Dalma kaɗan, baƙin salatif zagaye uku.
Ilu ya manta, ya riƙe filogi da hannu.
Na danna,
ya yi tsalle ya kira sunan uwarsa,
duk layin masu walda suka kwashe da dariya.
Na sake jinginawa, na sunkuya na gani:
shuɗi, ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar gero ba,
tas, tas, tas.
A kansa mutum biyar suka yi dako,
a kansa citta ta wuni a gona ba a kwasa ba.

Injin ya kama daidai da ɗigon farko a kwano.
Jatau ya ɗaga murya: "Nawa?"
Na faɗa. Ya dube ni, ya ce in sake faɗa.
Na ce sauran ka sayi kyanwa.